Bukkar Mushe da Gawon da ke Zubar da Rassansa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau in hadari ya haɗu a gabas sai idona ya kawo ruwa kafin sama ta kawo nata. Ba na ɓoyewa. Ɗiyata da ke rubuta wannan magana ta ce in bari sai na huce, na ce mata in hucewata take jira, to bik ɗinta, alƙalamin nan, zai bushe. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Amma na yi zaman aure da mutumin da ba ya iya wuce ciyawa sai ya tsaya ya rubuta ta, kuma akwai abin da na sani game da littafinsa wanda masu karatu ba su sani ba.

Kowa a Tawa Mushe yake ce masa, don malamin lakwal ne, ni ma haka nake kiransa. Haifaffen birni ne, ya girma a ɗakin kwanan ƴan makaranta, bai taɓa riƙe hauya ba. Sai Allah ya ɗora masa son tsuntsaye da itatuwa. Yakan rubuta ƴan gajerun labarai da Hausa, kan shamuwa ko kan kwaɗin tafki, ya aika Yamai, wani lokaci a karanta a rediyo. Ranar da za a karanta, tun hantsi yake goge rediyon da tsumma.

Farin farko, wanda a ƙarshensa sojoji suka karɓi mulki, ya kashe itatuwa da yawa a ƙasar Adar. Tun daga nan Mushe ya shiga cewa in ba a rubuta sunayensu da halinsu ba, jikokinmu za su tashi ba su san abin da ya taɓa tsayawa a wurin ba. Ya yi shekaru yana faɗi. Wata shekara, ana gab da hutun lakwal na damina, ya ce in yi wa yayana magana a kafa masa bukka a bakin gonarsa. Garinmu yana arewa da Barmu, a gindin dutse. Ya ce a birni hayaniya ta hana shi tunani, yana son wurin da zai zauna shi kaɗai wata uku, daga shi sai daji.

Yaya ya kafa bukkar, ta kara da zana, kusa da wani babban gawo. Muka tafi tare. Ni na sauka gidan Inna, mahaifiyata, shi ya wuce bukkarsa.

Yanzu in na tuna yadda ya shiga garin, sai in yi dariya in yi kuka. Rigar kaki ya sa da wandon kaki, don su ne kayansa masu jure ƙaya. Ga hula mai baki, ga madubin hangen nesa rataye a wuya, wanda ya aro wurin maƙwabcinmu, ga kaye, littafin rubutunsa, a hannu da bik a bayan kunne. A lokacin kuwa doka ta yi tsanani. In an kama mutum ya sare ɗanyen icce, tara ce, ko a tafi da shi Tawa. Farauta ma an hana. Masu zuwa kamun kuwa, gardin daji, kaki suke sawa, kuma da kaye suke zuwa. Sa'an nan lokacin noman farko ne, kowa na duƙe a gona har tsofaffi, sai ga ƙato lafiyayye zaune a inuwa, yana kallon icce yana rubutu. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci, cewa gwamnati ce ta aiko shi ya ƙidaya itatuwa.

Da baƙo ne, da wani ya tare shi ya tambaye shi. To suruki ne. Inna in ta hango shi sai ta ja mayafi ta sake hanya. Shi kuma in ya zo gaisuwa, tun daga ƙofar gida yake tuɓe takalmi, ya durƙusa bayan zana, ya gaishe ta ba su ga juna ba. Yaya yakan je bukkar, su gaisa kan gajiya da iyali da ruwan sama da lafiyar ƴan lakwal, ya tashi bai tambayi abin da ya kai shi ba. Ni ya tare a bakin rijiya da zancen da gari ke yi. Na yi dariya har na kusa sakin guga, na ce masa Mushe ko kaza bai iya kamawa ba, balle mutum. Yaya bai yi dariya ba.

“In aiko shi aka yi, ke zai gaya wa? Kin san abin da ke cikin kayen?”

Ban sani ba. Mushe bai taɓa karanta mini ba, ni kuma ban taɓa cewa ya karanta ba. Na ɗauki rubutu abin maza da ƴan lakwal, shi kuma ya ɗauka ba ruwana da shi.

Ban gaya wa Mushe zancen ba. Da wane baki zan ce masa danginmu sun ɗauke shi ɗan rahoto? Na ce a raina kwana biyu za su gane, abin ya wuce.

Dattawa suka zauna. Ba a korar suruki, kuma ba a barinsa shi kaɗai da itatuwa. Sai suka ɗora masa Kawu, ƙanen Inna, ya zama ɗan rakiyarsa. Kawu tsohon maharbi ne. Tun da aka hana farauta yake cewa ya tuba, ko da yake gidansa bai daina ƙamshin nama ba. Mutum ne da in ya ce ya ga watan azumi, sai liman ya aiki wani ya sake dubawa. Aikin da aka ba shi ɗaya ne, duk abin da Mushe ya gani wanda zai iya jawo tara, Kawu ya samo masa wani bayani.

Mushe ya yi murna ƙwarai. Ranar da na kai masa abincin rana ya ce mini ya samu mutumin da ya fi duk littattafan Faransi da ya karanta. Daga nesa nakan hango su, Kawu na gaba yana nuni da sanda, Mushe na biye yana rubutu yana tuntuɓe. In na iso, Kawu ya amsa gaisuwata da fuskar mai tsoron Allah, har da jan carbi.

Mushe ya kafa wa bukkarsa dokoki. Ba rediyo, ba a yi masa magana kafin hantsi, kuma in an kawo abinci a ajiye a tafi. Yana ganin shi kaɗai ne a duniya. Bai san duk motsinsa ana gani ba. Gidan da ya fi kusa da gonar na wata gwaggo ne, aka ce mata da ta ga ya fito da madubinsa ta sauya bugun taɓarya. Ta gaba ta ji ta ɗauka, ta gaba ma haka, kafin ya kai bakin hanya lugude ya zagaye gari, mai gatari ya cusa shi cikin shinge, mai tarko ya rufe da ƙasa. Wannan kam na sani, don ni ma na taɓa karɓar luguden da hannuna. Allah ya yafe mini.

Haka muka yi damina uku. Yana komawa Tawa da kaye cike, ya yi ƙiba, ya yi baƙi, yana cewa bukkar nan ta buɗe masa ido. Ƴan gajerun labaransa ma ya daina aikawa, ya ce babban littafi yake haɗawa.

Damina ta huɗu ita ce ta babban fari na biyu. Sau uku aka yi shuka. Ta ƙarshe ta kai gwiwa ta tsaya, ta yi ja, ta bushe a tsaye. Rumbuna dama ba su cika ba tun shekarar da ta gabata. Mata suka koma kan anza. Wanda bai san ta ba, wani ɗan icce ne da ba ya bushewa ko fari ya kai ina, yana ƴaƴa ƙanana masu ɗaci kamar maɗaci. Sai an jiƙa ƙwayar kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin ta dafu ta shiga baki. Ba a cin ta sai yunwa ta zo. Wasu kuma suka shiga tonon gidan tururuwa, suna kwashe ƴan tsabar da ta tara.

Inna ta tara mu ta ce suruki ba zai san gidanta ya kai ga anza ba, ko da za ta mutu. Akwai sauran hatsi a wata tukunya a ɗakinta, ta ce wannan na baƙo ne. Kullum a daka ɗan kaɗan a yi masa tuwo. Ni ke ɗauka. In ɗora akushi a kai, ƙamshin tuwon na saukowa hancina, cikina kuwa ba komai sai anza. In ajiye a ƙofar bukka in juyo, don doka ta ce kada a yi masa magana. Bari in tsaya in share ido. Inna ta rame a daminar nan har zanenta yana zagaye ta sau biyu, kuma ba ta taɓa cewa a rage masa ko loma ɗaya ba.

Da aka buɗe lakwal muka koma Tawa. Mushe ya ce littafi ya kammala, wani a ofishin yaƙi da jahilci a Yamai ya yarda zai buga, har za a riƙa karantawa a rediyo. Sai dai a fara buga shi da mashin ɗin rubutu. Matar maƙwabcinmu, mai madubin nan, ita ke aikin mashin a wani ofis, muna ce mata Madam. Kiristoci ne daga kudu, mutanen kirki, katanga ɗaya ta raba mu. Ta ɗauki aikin tana yi a gida ranakun hutu. Tana da wata ɗabi'a, ba ta iya buga kalma sai ta faɗe ta da baki.

Wata Asabar da hantsi na shiga mayar mata da rariya. Na same ta a rumfa tana ƙwanƙwasa mashin tana magana ita kaɗai. Na tsaya. Sai na ji tana cewa gawon Adar ba irin sauran gawo ba ne. Kowa ya san gawo na zubar da ganye da damina, amma na Adar, in ya ji fari na tafe, har rassansa yake saki su faɗo ƙasa don awaki su samu abin ci, kuma wurin da reshen ya rabu yakan fita sumul kamar an sa gatari. Ta ɗago kai ta gan ni, ta ce ashe ƙasarmu akwai abin al'ajabi, su a kudu nasu gawon ba shi da wannan tausayi.

Na zauna. Na ce ta ƙara karanta mini.

Ta juya takardu ta karanta. Wai zabin daji a wajenmu sukan shigo bayan gidaje su tuɓe gashinsu saboda zafi, shi ya sa ake ganin gashin tuli a kan juji. Wai ramukan da ke gidajen tururuwa aikin dabgi ne, kuma dabgin Adar yana da tsabta, yakan tara ƙasar gefe guda. Sa'an nan ga wani dogon wuri mai daɗin ji, kan yadda matan garinmu ke sauya lugude duk sa'ad da mutum ya fito kallon daji, kamar gari ne ke yi masa maraba. Madam ta ce nan ne ya fi taɓa mata zuciya. Ni ina zaune ina danne dariya, cikina na ciwo.

Sai ta zo kan anza. Ya rubuta cewa ya ga mata na ɗibar ta da kwanduna suna jiƙawa a tukwane bayan ɗaki, ya tambaya, masanin daji ya shaida masa maganin tsutsar ciki ne na jakuna. Ya ƙara da cewa mutanen wannan gari sun iya tattali, don ko a wannan muguwar shekara shi bai ga ranar da tuwon hatsi ya yanke ba.

Nan dariyar ta tsaya. Na tambayi Madam yaushe takardun za su tafi. Ta ce sauran kwana takwas, akwai direban da zai kai su Yamai.

Na koma gida na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, za a karanta wannan a rediyo da sunansa, duk mai akuya a ƙasar Adar ya ji, mutumin da ya ba itatuwa damina huɗu ta rayuwarsa ya zama abin dariya a kasuwar Barmu. Kuma a ce a gaban duniya garinmu na cin tuwo, alhali Inna na cin anza. In kuma na yi magana, na tona asirin uwata, na kira kawuna maƙaryaci a gaban suruki, na kuma faɗi cewa ni ma da hannuna a ciki. Sau uku ina buɗe baki a ranar, in ya dube ni sai in tambaye shi ko a ƙara masa ruwa.

Da na ga bakina ba zai iya ba, sai na tafi kasuwa. A shekarar, bayan garin Tawa ya cika da mutanen da fari ya koro daga arewa, Buzaye da Fulani da namu, matansu na kawo anza. Na samo ɗanya, na jiƙa a tukunya bayan madafa, na rufe da faifai. Safe da yamma ina sake ruwa. Mushe na wucewa ta wurin kullum bai lura ba, don ba a kan icce take ba.

Rana ta bakwai na dafa. Da gangan ban bari ɗacin ya gama fita ba. Ya dawo daga lakwal da azahar, ya wanke hannu, ya buɗe kwano. Ya duba, ya kai loma ɗaya, fuskarsa ta tattare.

“Ke ƴar ƙauye, mene ne wannan?”

“Maganin jakuna ne.”

Ya dube ni. Hannunsa na cikin kwanon.

“Shi Inna ke ci duk ranar da na kawo maka tuwo. Shi na ci, shi Yaya ya ci. Jakunanmu ba su taɓa ɗanɗana shi ba.”

Daga nan sai maganar ta kwance da kanta. Na gaya masa zancen kaki da kaye, da zaman dattawa, da aikin da aka ba Kawu, da tukunyar Inna. Ina faɗi ina kuka. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni gawon fa. Na ce gatarin Yaya ne, da rani, don awaki. Ya ce dabgin fa. Na ce matan gari ne da ƙoƙo da ƴar fartanya. Ya ce zabin fa. Na ce ya ci su da bakinsa, su ne kajin da Kawu ke aiko masa. Ya ce luguden fa, shi dai gaskiya ne ko. Na sunkuyar da kai. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, na gani a fuskarsa.

Ya cinye kwanon nan tas, yana ci hawayen ɗaci na zubo masa. Ya tashi ya shiga gidan Madam ya karɓo takardunsa, waɗanda aka buga da waɗanda ba a buga ba. Kwana biyu bai yi mini magana ba sai gaisuwa. Na uku ya same ni ina tsintar wake, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko na san sunayen ciyayin da ke gonar Yaya. Na ce wanne, na fako ko na jigawa ko na bakin ƙorama. Ya ce shekara nawa muna tare, me ya hana ni gaya masa. Na ce bai tambaye ni ba, kuma dokar bukka ta ce a ajiye abinci a tafi.

Da aka ba da ɗan hutun ƙarshen shekara ya ce mu tafi gari. Ya sa tsohuwar riga ƴar shara, ya bar kakin a ƙusa, ya bar kaye. Muka ɗora buhun dawa a mota. Rabin garin ya watse, gidaje da yawa an toshe ƙofa da ƙaya. Mushe ya tuɓe takalmi a ƙofar gidanmu kamar kullum, amma bai tsaya bayan zana ba. Ya shiga har tsakar gida, ya zauna a ƙasa kusa da murhu, ya ce a zuba masa abin da ke cikin tukunya. Inna ta saki muciya ta ruga ɗaki ta ja asabari. Daga ciki muna jin ta tana tambaya ko yaron nan ya taɓu ne. Yaya ya tsaya yana zufa a cikin sanyin nan, ya rasa ko ya zauna ko ya fita. Ni na zuba masa. Ya ci a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda za ta kai ɗaki, ya ce: “Inna, na ci hatsinki wata uku ban sani ba. A yafe mini.” Daga ɗakin sai jan hanci muke ji.

Labari ya kai wa Kawu, ya zo da sandarsa da carbinsa, ko gezau. Mushe ya gaishe shi da ladabi, sa'an nan ya ce masa shi ba gardin daji ba ne, bai taɓa zama ba.

“Ai na sani,” in ji Kawu. “Tun daminar farko na gane. Ranar da na ba ka labarin gawo na ga idonka ya cika da hawaye. Gardi ba ya yi wa icce kuka.”

“To Kawu, me ya sa ka ci gaba har damina huɗu?”

“Ɗana, tun ina saurayi nake ba da labari a garin nan, ba wanda ya taɓa yarda da ni. Kai kuwa har rubutawa kake, kana cewa in dakata ka juya takarda. In kai ne za ka bari?”

Yaya ne ya fara fashewa da dariya. Sai Mushe. Can sai muka ji Inna ma a bayan asabari, tana dariya tana zagin ƙanenta.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Muka koma bukkar, amma an soke dokoki. Da sassafe ni ke gaba yana biye. In nuna masa tafasa da gasaya da yaɗiya, in gaya masa wadda ake ci ɗanya da wadda sai an zubar da ruwan farko, da wadda in akuya ta ci take kumburi. Abin da ban sani ba mu je wurin gwaggo mai lugude. Da matan suka saki jiki da shi, har layi suke yi a ƙofar bukka, kowace na cewa wadda ta gabace ta ba ta faɗi daidai ba. Kaɗaicin da ya zo nema dai bai ƙara samu ba. Ya ce sai ya koyi noma, Yaya ya ba shi hauya, ya yi rabin kunya yana sare hatsi yana barin ciyawa, Yaya ya karɓe abarsa ya roƙe shi don Allah ya koma ga rubutu. Da yamma yakan karanta mini abin da ya rubuta, in ce a'a, ba haka ba, ya goge. Wani lokaci mu yi musu. Yawanci ni ke da gaskiya, amma ba kullum ba, don shi ya fi ni sanin tsuntsaye, ya daɗe yana kallonsu.

Damina biyu ya ƙara kafin littafin ya tafi Yamai. Ya fito siriri, bai kai rabin na farko ba. Anza ce a farkonsa, da yadda ake jiƙa ta, da kwana nawa, da su wa suka ci ta. Labaran Kawu kuwa ya kasa zubarwa. Ya tara su a ƙarshen littafin, ya rubuta a samansu da manyan baƙaƙe cewa waɗannan ƙarya ce, wani dattijo ne ya shirya masa su. Kawu ya ji haushin kalmar ƙarya, amma ya sa aka karanta masa wurin sau uku.

Da aka zo karantawa a rediyo, na ƙarshen nan mutane suka fi so. Suka yi ta aika takarda a maimaita. Ko mai karantawar ya tsallake manyan baƙaƙen ne, ko masu saurare ne ba su kula ba, ban sani ba. Mushe ya yi ta ƙorafi har tsufansa, wai ya ba gaskiya shekaru, ba wanda ya tare shi a hanya kan anza, amma kowa na tambayarsa dabgi mai tsabta.

Littafin na nan cikin akwatina, a naɗe cikin kallabi. Ba na iya karanta shi, amma in aka karanta nakan ji maganata a ciki, har da wurin da muka yi musu. Bukkar ta daɗe da rushewa. Inna ta tafi, Kawu ya tafi, Yaya ya tafi, shi ma ya bi su ya bar ni, kuma ban saba ba har yau.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa, ina zaune cikin mata idona ya kumbura, aka ce wani dattijo daga Afala na son yi mini ta'aziyya. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, sai ya sassauta murya ya tambaye ni, shin marigayin nan shi ne wanda ya gano gawon da ke zubar da rassansa don awaki?

Na share hawaye na ce masa shi ne.